Ɗaure bututun maniyyi ba dandaƙa ba ne

Duk sanda aka ambaci aikin fasektomi, wato ɗaure bututun maniyyi don tsayar da haihuwa, a majalisar maza, kafin mai magana ya rufe baki wani zai ce, "Ai dandaƙa ke nan." Shi ke nan, hira ta mutu. Wannan kuskure yana damuna, domin yana cutar har da mutumin da bai taɓa tunanin yin aikin ba.

Dandaƙa, irin wadda dokar Jihar Kaduna ta 2020 ta tanadar wa masu yi wa ƙananan yara fyaɗe, cire 'ya'yan maraina ce. A fasektomi kuwa likita ba ya cire komai daga cikinsu. Siraran bututu biyu da ke kai ƙwayoyin haihuwa daga maraina zuwa maniyyi yake yankewa ya ɗaure, aikin da ba ya wuce kamar minti 30 da allurar kashe zafi. Sinadarin testostiron, wanda ke riƙe da sha'awa da kaurin murya da gemu da ƙarfin tsoka, a cikin maraina ake yin sa, kuma kai tsaye yake shiga jini. Hanyarsa daban, hanyar ƙwayoyin haihuwa daban. Ko maniyyin ma ba ya raguwa yadda ido zai gane, don mafi yawan ruwansa daga wasu sassa yake fitowa, can gaba da inda aka ɗaure.

To me ya sa wasu ke kukan raunin mazakuta bayan aikin? Ban ƙaryata su ba. Amma a duba su wa ke yin sa: galibi magidanta ne da suka manyanta, daidai lokacin da testostiron ke sauka da kansa, kusan kashi 1 cikin 100 a shekara. Ga tumbi, ga ciwon suga, ga ƙarancin barci. Ƙwayoyi irin su tramadol da kodin su ma suna danne sinadarin. Sannan namijin da ya sa wa ransa cewa an raba shi da mazakuta, fargabar kaɗai ta isa ta kunyata shi a gaban iyali.

Aikin yana da nasa haɗarin: kaɗan daga cikin maza kan yi fama da ciwon maraina mai daɗewa, kuma mayar da bututun ba ya da tabbas. Malamai da dama ba su yarda da tsayar da haihuwa na dindindin ba sai da larura, wannan kuma hujja ce da nake girmamawa. Wanda zai ƙi, ya ƙi a kan wannan, kada ya jingina da ƙarya.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne magidancin da sha'awarsa ta yi ƙasa, ya nufi tasha wajen mai lasifika yana sayen kwalbar maganin ƙarfin maza, alhali suga ke cin jijiyoyinsa a ɓoye. Asibiti ya kamata ya je da sassafe, lokacin da testostiron ya fi yawa a jini, a auna shi, a auna suga da hawan jini tare.