Mace na zubar da jini, ana tambayarta me ta sha

Wallahi tun shekaranjiya zuciyata ke tafasa. Na yi ta danne abin na ce bari ya huce tukuna, amma ya ƙi hucewa, don haka ku yi haƙuri da ni, yau kam sai na faɗa.

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Aurenta ya mutu tana da ƙaramin ciki, ta dawo gida tana zaman idda, cikin yana wata uku. Da la'asar ta ce mini Yaya marata na murɗawa, kafin a kira magariba jini ya ɓalle, zanin jikinta ya jiƙe sharkaf, muka samu mai adaidaita muka kwashe ta sai asibiti. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, duk wadda ta taɓa kai 'yar'uwarta ɓangaren mata da daddare ta san wurin, suna ne kawai ke canzawa daga gari zuwa gari.

Muka tarar da nas a zaune, waya a hannu. Na ce Sista sannu da aiki, dan Allah ki taimaka mana, ciki ne da ita kuma jini take zubarwa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ina katin awo. Na ce ba ta fara zuwa awo ba tukuna. Ta ce ina mijinta. Na ce sun rabu.

Nan ne fa ta ajiye wayar. Ta dubi yarinyar nan tun daga ɗankwali har silifas, ta taɓe baki ta ce, "Au, bazawara ce." Sannan ta matso da kujera ta ce mata, "Ke, me kika sha?"

Ƙanwata tana dafe da bango, da ƙyar murya ke fita, ta ce, "Wallahi Sista babu abin da na sha."

"Ai kowacce haka take cewa. Ƙwaya nawa mai kemis ya ba ki? Ta ƙarƙashin harshe ce ko ta matsi?"

A gaban mutane fa! Masu jinya na zazzaune a benci, mai shara na tsaye da tsintsiya, ga wani bawan Allah da ya kawo matarsa naƙuda ya sunkuyar da kai don kunya, shi da ba da shi ake ba. Na ce Sista ki ji tsoron Allah, cikin sunna ne, idda take yi, ɓari ne ya zo mata kamar yadda yake zuwa wa kowace mace. Ta ce, "Hajiya ni ba alƙali ba ce, ba kotu kuka zo ba. Ku je ku yi abinku a ɓoye, in ya kwaɓe ku kwaso ku kawo mana, gobe a ce mu muka zubar a kai mu gaban 'yan sanda." To in ke ba alƙali ba ce me ya kai ki yanke hukunci? Wa ya ba ki shari'ar? Jini na bin ƙafar yarinya har ƙasa kina gani, abin da ya dame ki shi ne ta ƙarƙashin harshe ko ta matsi? Na ce to ko gado ne a ba ta ta kwanta. Ta ce likita ba zai taɓa ta ba sai an yi sikanin, kuma sai namiji ya zo ya sa hannu. Na ce ni yayarta ce, ni zan sa. Ta ce, "Na ce miki namiji." Mahaifinmu ya rasu, mijin ya sake ta, wane namiji kike so in haƙo miki da daddaren nan? Mai sikanin na asibitin ya tashi, sai da muka sake ɗaukar mai zubar da jini muka fita waje muka biya kuɗi aka yi, muka kira ƙaninmu wanda ko gemu bai gama fitar masa ba ya zo ya sa hannu a kan ran yayarsa, ni da na goya shi hannuna bai isa ba.

Sai can dare likita ya gan ta. Allah ya saka masa da alheri, yaro ne matashi mai natsuwa, yana duba takardar sikanin ya ce cikin ya riga ya lalace, ragowa ce ta maƙale a mahaifa shi ya sa jinin ya ƙi tsayawa, ya yi mata wankin ciki a take, aka yi mata ƙarin jini. Ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Da na gaya masa abin da aka yi mana a ƙofa sai ya yi shiru, can ya ce ma'aikata da yawa tsoron irin wannan matsalar suke yi saboda doka.

Dokar nan na san ta, kuma ya kamata kowace mace ta san ta. A Arewa dokar Penal Code muke bi, wadda aka yi tun 1959 kafin a ba mu 'yancin kai, sashe na 232 ya ce duk wanda ya zubar da ciki zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14, sai dai in an yi ne don ceton ran matar. A Kudu Criminal Code ce ta 1916, ita ma shekara 14 ga wanda ya yi aikin, shekara 7 ga matar, shekara 3 ga wanda ya kawo maganin. Babu maganar fyaɗe a ciki, babu maganar yarinyar da wani na cikin gidansu ya lalata ta. Turawan Ingila da suka bar mana wannan gadon sun gyara tasu tun 1967, mu kuma muna nan riƙe da ita ƙam-ƙam.

Kuma kar wani ya taso mini da cewa ina kiran a buɗe ƙofar fasiƙanci. Ni Musulma ce, na san mazhabar Malikiyya da muke bi ta tsaurara a kan zubar da ciki, kuma ban zo yin jayayya da wannan ba. Amma malaman nan dai su ne suka ce idan ran uwa na cikin hatsari ran uwa ake fara ceto. Kuma wane malami ne ya ce a bar mai ɓari a tsaye tana zubar da jini har sai ta kawo shaidar cewa ba ita ta jawo ba? Addinin da ya sa bulala 80 a kan wanda ya yi wa mace ƙazafi ba tare da shaidu huɗu ba, shi za a fake da shi a kira mai idda mazinaciya a gaban masu jinya?

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne, a idon ma'aikacin asibiti ɓari da zubar da ciki kamarsu ɗaya. Jini ne, ciwon mara ne, ragowa ce a mahaifa, kuma maganinsu ɗaya, wankin ciki ko ƙwayar misoprostol, wadda ita ce dai ake ba mata don tsayar da jini bayan haihuwa. To tunda doka ta rataya shekara 14 a wuyan mai aikin, duk macen da ta shigo tana jini sai ta zama abar zargi. Mai aure da miji a gefe tana iya tsira. Bazawara, budurwa, wadda mijinta ke ci-rani a Legas, wadda ta zo daga ƙauye ba kati ba Turanci, su ne ake tsayarwa a ƙofa ana yi wa tambayar 'yan sanda. Alhali kula da mace bayan cikin ya fita ba laifi ba ne a kowace doka ta ƙasar nan, ko da kuwa ita ta zubar da hannunta. Ki ceto ta tukuna, sauran tsakaninta da Ubangijinta.

Kuma dokar ta hana a zubar ɗin? Ina! Binciken cibiyar Guttmacher, mai nazarin lafiyar haihuwa, ya ƙiyasta cewa a shekarar 2012 kaɗai an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a Najeriya, mata wajen 212,000 aka yi wa magani a asibiti saboda matsalar da ta biyo baya, wasu 285,000 kuma sun shiga mummunan hali ba su samu kulawa ba. Waɗannan na ƙarshen su ne suke ci mini rai, don na san dalilin da ya hana su zuwa. Sun san nas irin wadda muka tarar tana zaune tana jiran su. Gara su kwanta a ɗaki suna shan jiƙo, zazzaɓi na cin su, mahaifa na ruɓewa, har sai wari ya fara fita sannan a kwashe su a sume. A unguwarmu an yi wata yarinya da ko sakandare ba ta gama ba, wani babban mutum ya lalata ta, aka kai ta bayan kanti wurin wani da ko takardar aikin lafiya ba shi da ita, ta dawo gida ta yi ta jini a ɓoye har rai ya yi halinsa. A wurin zaman makoki aka ce taifot ce. Kowa ya sani, kowa ya ce Allah ya jiƙanta, mutumin kuwa yana nan a sahun gaba a masallaci. Wadda ta rayu kuma sau da yawa mahaifar ta tafi, sai a yi mata aure shekara da shekaru ba haihuwa, dangin miji na kiranta juya, ita kaɗai ta san abin da ke cin ta ba ta da bakin faɗa.

Ga matan da 'yan bindiga ke sacewa a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ga waɗanda aka ceto daga hannun Boko Haram a Borno, wasu sun dawo da ciki. Me doka ta tanadar musu? Ta ce su haifa. Sai su haifa ɗin, mutanen gari su riƙa nuna yaron da baki, ita uwar ta rasa inda za ta sa kanta, ba mai tambayarta ko tana iya barci.

Ita ma ƙanwata ciwon jikin ya fara sauƙi, amma na zuciyar fa? Ba ta magana. Ba ta cin abinci sai an matsa mata. Cikin dare sai in ji tana kuka ƙasa-ƙasa, abin da take ta maimaitawa shi ne, Yaya ashe haka mutane ke kallona, ashe suna ganin ni na kashe ɗana. Mace ta rasa aure, ta rasa ciki, maimakon a ce mata sannu Allah ya sa mai ceto ne, sai aka ɗora mata laifin kisa. Ciwon damuwa bayan ɓari abu ne da likitoci suka sani, amma a asibitocinmu wa ke zaunar da mace ya tambaye ta yaya zuciyarki? Ana gama wankin ciki a rubuta maganin ƙarin jini a ce a bar gado ga wata. In ka ce za ka kai ta ganin likitan ƙwaƙwalwa, dangi su ce ka mayar da ita mahaukaciya, ka ja mata ta rasa miji na biyu.

Gwamnati kuwa ita ce babbar mai laifi, don ta san komai. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo ta ƙasashen Afirka kan haƙƙin mata tun 2004, wadda sashe na 14 nata ya ce a ba mace damar a raba ta da ciki a asibiti idan fyaɗe ne, ko na muharraminta ne, ko cikin na barazana ga rayuwarta ko lafiyar jikinta ko ta ƙwaƙwalwarta. An sa hannu a waje, an dawo gida an sa a durowa. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin da za su nuna wa likitoci lokacin da doka ta yarda su raba mace da ciki, ku shiga asibitin ƙaramar hukuma ku tambayi ma'aikata nawa ne suka taɓa ganin takardar da idonsu. Legas ta fitar da nata ƙa'idojin a 2022, aka yi ca, gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da su ba a jima ba. Ghana nan, inda 'yan'uwanmu ke zaune a zango-zango, tun 1985 dokarsu ta yarda a kan fyaɗe da lafiyar uwa. Mu kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mata kusan 75,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma kowa ya san Arewa ce ke ɗauke da kaso mafi nauyi.

Akwai ma wata dokar da ba a son a tuna da ita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta ce babu ma'aikacin lafiya ko asibitin da zai ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya ƙi akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Kowane dalili fa aka ce, ba a ce sai mai miji ba, ba a ce sai mai katin awo ba. Me ya sa ma'aikata suka haddace dokar shekara 14 amma wannan ba su san da ita ba? Saboda waccan ita ake tsorata su da ita, wannan kuwa ba ku taɓa jin an kama wani a kanta ba.

'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya, ku da matanku da 'ya'yanku in ciki ya zo da matsala jirgi kuke hawa sai Masar ko Dubai, can ba mai tambayar 'yarku me ta sha. Kwamishinonin lafiya, me zai hana a liƙa sashe na 20 ɗin nan da Hausa a ƙofar kowane ɗakin haihuwa, da lambar wayar da za a kira a kai ƙara? Wa ya ce sai namiji ya sa hannu kafin a tsayar wa baliga jini, a wace doka aka rubuta? Su kuma malamanmu da ke cika masallatai lokacin tafsirin azumi, kuna da lokacin yin awa guda a kan tsawon hijabin mata, ku ware ko minti goma ku gaya wa ma'aikatan asibiti da iyaye da maƙwabta hukuncin yi wa mai ɓari ƙazafi, ku kuma faɗi hukuncin ƙaton da ya yi wa yarinya ciki ya bar ta da mai kemis.