Masarar Saminaka ba ta tankin mota ba ce

Duk wanda ya saurari shirin rediyon nan na daren jiya ya ji yadda wani masani ya zauna yana yi mana albishir cewa arzikin Kaduna yana cikin mayar da masara man mota. Madalla da wannan hangen nesa! Ashe mun ƙoshi har mun rasa yadda za mu yi da tuwo.

Hatsi yana bin mai kuɗi, kuma ba a taɓa yin ranar da tukunyar talaka ta fi kamfani ƙarfin saye ba. Ranar da masana'antar etanol, wato man da ake yi da masara, ta fara aiko tireloli kasuwar Giwa da ta Saminaka, matar da ke tsaye gaban mai awo a Kawo tana ƙirga canjinta ita ce za ta koma gida da rabin mudu. An riga an gani a wasu ƙasashe. Amurka ta kafa dokar cakuɗa etanol da fetur a 2005, ta faɗaɗa ta a 2007, kuma a yau fiye da kashi ɗaya cikin uku na masararta can yake tafiya. A farkon 2007 jama'ar Meziko suka fito zanga-zanga kan tsadar gurasar masara, a shekarar kuma Jean Ziegler na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce laifi ne ga bil'adama a mayar da gonakin abinci na samar da mai.

Za a ce manomi zai samu kasuwa. Wane manomin? Wanda yake sayar da buhunsa da kaka don biyan bashin taki, sannan ya dawo da damina ya sayi masarar a tsada? Ribar tana rumbun dillali. Za a kuma ce man yana kare muhalli, alhali masara ba ta yi sai da taki mai yawa, idan buƙata ta ƙaru kuma daji za a sare, kamar yadda Indunisiya ta share dazuzzukanta domin kwakwar manja.

Da gaske nake, ba na ƙin ci gaba. A yi mai da buntun shinkafa da totuwa, amma a bar mana ƙwayar, domin ƙasar da hauhawar farashin abincinta ya haura kashi 40 cikin ɗari a 2024 ba ta da rarar da za ta ƙona.

Kuma tun da ana maganar mai, matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 tana nan shekara da shekaru ba ta aiki, amma a shirin na jiya babu wanda ya ambace ta.