Kawo Mini Na Ɗaya

Tun da na dawo Garwa, a arewacin Kamaru, daga Ngaundare da lisans ɗina, wato digirin farko, a leda, sana'a biyu nake yi: haɗa dosiyen neman aiki da gardama da taubashina. Ta farko kuɗi take ci, ta biyu kuwa kyauta ce, shi ya sa hannuna ya fi faɗawa a kanta.

Gardamar ba ta wuce littattafai bakwai na Narniya ba, waɗanda wani malamin jami'a a Ingila, C. S. Lewis, ya rubuta, aka buga su ɗaya bayan ɗaya daga 1950 zuwa 1956. Da Faransanci muka same su wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, yau ka tsinci ɗaya, sai an kwana biyu ka tsinci wani, yawancinsu ba bango. Ni na yi musu riga da takardar buhun siminti, na ɗauki biro na buga wa kowanne lamba a goshi. Wanda yara huɗu suka shiga kabad ɗin tufafi suka ɓulla wata ƙasa mai ƙanƙara, shi na ba 1, don shi ya fara fitowa. Mai yaron nan da kawunsa ke taɓa bokanci, wanda ya ba da labarin yadda ƙasar ta samo asali, na ba shi 6, don sai 1955 aka buga shi.

Taubashi ya ara. Da suka dawo sai na tarar an bi lambobina da jan biro an soke. Mai boka ya zama 1, mai kabad ya koma 2. Wai labari daga tushe ake ɗauko shi. Wai masu buga littattafan yanzu haka suke jera su, har bugun Faransanci. Babbar hujjarsa kuwa, wadda yake zarowa idan ya ga ruwa ya ƙare masa, ita ce wasiƙar da marubucin ya aika wa wani yaro a Amurka a 1957, inda ya ce ya fi karkata ga jerin yaron, na bin labari, a kan na mahaifiyarsa. Ni kuma in tuna masa cewa a cikin wasiƙar nan dai dattijon ya ce wataƙila ko ta ina mutum ya fara ba komai, kuma wane babba ne yaro zai kawo masa ƙarar uwarsa ya ƙi lallashinsa?

Maganata ɗaya ce. A cikin mai kabad, yarinya ta shiga daji cikin dare ta tarar da fitilar kan titi tana ci ita kaɗai, ba titi ba gida. Gashin jikin mai karatu ya kan tashi a wurin nan, don bai san wa ya dasa ta ba. Wanda ya fara da mai boka ya riga ya san daga ina ƙarfen ya zo, ya san ma itacen da aka sassaƙa kabad ɗin da shi. Kamar a faɗa maka amsa ne sannan a ce maka “ƙulun ƙulufit”. Mai shayin unguwarmu ya ji wannan bayani har ya haddace. Da ya ga mun gyara zama sai ya ce, “Samari, ku fara biyan na jiya, shi ne na ɗaya.”

Ana nan sai wani kamfani ya liƙa sanarwa yana neman mai kula da ɗakin ajiya. Za a rufe karɓar dosiye ranar Juma'a ƙarfe uku da rabi.

Wanda bai taɓa neman aiki a ƙasar nan ba zai ɗauka dosiye takardu ne kawai. Akwai takardar roƙo da za ka rubuta da hannunka, akwai kwafin takardar haihuwa da na shaidar karatu, waɗanda sai hukuma ta buga musu hatimi, akwai hotuna, kuma kusan kowace takarda sai an manna mata tambur, wato kan sarki na haraji. Tambur ɗin da muka sani sefa 1,000, tun 2023 ya koma 1,500, don haka mara aiki ya fi kowa biyan haraji. Sarauniyarsu ita ce kaziye, takardar kotu mai shaida cewa ba a taɓa ɗaure ka ba. Wata uku take yi ta mutu, kuma a kotun garin da aka haife ka ake karɓo ta. Ni ɗan fari ne, Inna ta tafi goyon ciki gidansu a Marwa, saboda haka duk lokacin da ƙasa ke son ta tabbatar ni ba ɓarawo ba ne sai na yi tafiyar kilomita sama da 200. In ka fara da ita, ta tsufa kana bin layin hatimi. In ka bar ta ƙarshe, a rufe karɓa kana cikin mota. Tawa dai tana da sauran numfashi na 'yan kwanaki.

Daren Alhamis aka ɗauke wuta. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Auta na haska mini da waya, na jera takardu ina ƙirgawa. Babu kaziye. Na zazzage leda, na ɗaga katifa, na duba har cikin tukunyar da Inna ke ajiye rasit ɗin ruwa. Inna tana fifita ta ce, “Kai ɗan nan, takardar da ta ce ba ka taɓa sata ba ita aka sace?”

Can na tuna. A motar dawowa daga Marwa na sa ta cikin mai kabad don kada ta yamutse, abin da duk mai hankali zai yi. Littattafan kuma taubashi ya shigo ɗakina ba sallama ya kwashe su tun makon jiya. Na kira shi da ɗan guntun kuɗin da ya rage a waya.

“Bawa, gobe da sassafe ka kawo mini na ɗaya.”

“Na ɗaya ka ce, bawana?”

“Na ɗaya. Akwai taka…” Kuɗin ya ƙare.

Sassafen taubashi ƙarfe tara ne. Ya shigo yana taunar ƙosai, ya gaishe da Inna har ƙasa, ta sa masa albarka, sannan ya miƙo mini mai boka. Na kalli littafi, na kalle shi. Ya nuna mini jar lambar da yatsa mai maiƙo.

“Ka ce na ɗaya. Ga na ɗaya.”

“Mai kabad nake nufi, ka sani sarai!”

“Au, na biyu? Ai da ka ce na biyu.”

Inna ta ce ita dai ta ji da kunnenta na ɗaya na ce, kada in ɗora wa ɗan ɗan'uwanta laifi. Ban tsaya shari'a ba. Na tambaye shi ina littafin yake. Ya sosa ƙeya. Wai akwai yaron wani tela a babbar kasuwa da ya gama mai boka, to tsari ya nuna a ba shi na gaba.

Watan Afrilu ne, kuma wanda ya san Garwa a Afrilu ya san ma'auni na haura 40 tun kafin azahar. Na sa farar rigata ta neman aiki da takalmi sau-ciki, muka tare ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, muka hau mu biyu, dosiye a tsakaninmu. Yaron tela muka same shi yana guga. Ya ce wallahi littafin ya yi daɗi, shi ya sa ya ba ƙanwarsa. Ƙanwar tana makaranta. Muka tsaya ƙofar makarantar a rana har aka tashi, ta fito ta gan mu ta fashe da kuka: malamin lissafi ya kama ta tana karantawa a ƙarƙashin tebur, ya ƙwace tun ranar Talata. Malamin kuwa ya tafi masallaci.

Sallar Juma'ar nan, Allah Ya yafe mini, rabin hankalina na kan ƙeyar mutane. Yarinyar ta ce mana yana da sanƙo da farin gilashi. Ban taɓa sanin Garwa na da masu sanƙo da farin gilashi da yawa haka ba. Na gaishe da wani da ya zama mahauci, wani kuma ya riƙe hannuna yana tambayata lafiyar Kawu. A ƙarshe wani ɗalibi ya yi mana kwatancen gidansa a unguwar Pumpumre.

Muka same shi ƙarƙashin mangwaro, ya cire hula, ya miƙe ƙafa, mai kabad a hannunsa. Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen shafi.

“Ku ne masu littafin? Madalla. Dama ina da tambaya. Wani ya rubuta 1, wani ya soke ya rubuta 2. A aikina lamba ba ta zama biyu a lokaci guda.”

Taubashi ya ja kujera ya zauna. Na ga ya gyara murya zai ɗauko wasiƙar 1957. Ƙarfe biyu da rabi ta wuce. Na ce, “Malam, don girman Allah, akwai wata takarda a ciki mai tambur.” Ya buɗa tsakiya, ga ta nan lafiya lau, ba ko lanƙwasa, abin da ya tabbatar da hikimar ajiyata. Sai da na juya bayanta. Malam ya rasa takarda a aji ya yi jerin makin jarrabawa da jan biro daga sama har ƙasa: 04/20, 07/20, 02/20, 05/20. Ya ce in yi haƙuri in ba shi minti biyar ya kwafe, don ba shi da wani kwafi. Ya kwafe a natse, yana tsaki a kan kowane maki. Littafin ma da ƙyar ya sake shi, wai an ɗaure zaki an aske masa gashi, ba zai iya barci ba sai ya ga ƙarshen abin. Na yi masa alkawari zan dawo da shi.

Uku da 'yan mintoci muka isa. Mutane a kan benci, kowa da ambulan mai ruwan ƙasa a cinya, kowa na kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido. Na ba taubashi takardun ya riƙe mini in goge takalmi. Kafin in ɗago ya jera su: takardar haihuwa a sama, sai ta firamare, sai BEPC ta ƙaramar sakandare, sai bakaloriya ta babbar sakandare, sai lisans. Wai mutum sai an haife shi yake shiga makaranta. Na fizge na sake jerawa bisa ranar da aka buga wa kowace hatimi. Ya fizge. Muna cikin haka aka ce na gaba.

Madam ɗin da ke karɓa ba ta ko kalle mu ba. Ta watsa takardun a tebur, ta ɗauko sanarwar ta bi ta layi-layi: takardar roƙo a sama, sai tarihin karatu, sai sauran. Ashe akwai mazhaba ta uku, kuma ita ce mai hatimi. Da ta zo kan kaziye ta ƙirga watanni da yatsu, ta gyaɗa kai, ta juya baya. Ta sauke gilashi.

“Waɗannan makin naka ne?”

Kafin in buɗe baki taubashi ya ce, “Madam, bakwai ɗin nan ma ba ƙaramin ƙoƙari ya yi ba.”

'Yan benci suka kwashe da dariya, har da wanda ke gyangyaɗi. Na yi bayani tun daga motar Marwa har gindin mangwaro, tana saurare tana taunar cingam. Sannan ta sa yatsa a layin ƙarshe na sanarwar, wanda rana ta cinye a kwafin da na gani a bango: ana son wanda ya yi shekara uku yana irin wannan aiki.

“Madam, ai na farko nake nema.”

“Nan da na biyu ake farawa.”

Na juya na kalli taubashi na ce, “Ka ji ko? Ko nan ma da na biyunka ake farawa.” Bai samu amsa ba, kuma ina so a rubuta wannan a tarihi.

Ta dai karɓa, ta jefa dosiyen cikin wani kwali na sabulu da ya cika har ya yi tozo. Zan tafi sai idonta ya faɗa kan littafin da ke hammatata. Ta ce tana da 'ya mai cin littafi kamar ba gobe, ko zan ara mata? Na ga ƙofa ta buɗe, na miƙa da hannu biyu. Ta duba goshinsa.

“Wannan ne na ɗaya?”

Na ce e. Taubashi ya ce a'a. Na ce 1950. Ya ce 1957. Mai gadi ya matso. Madam ta turo mini littafin, ta ce mu je waje mu daidaita, ranar Litinin a kawo mata na ɗayan, ta ja taga ta rufe.

Ranar Litinin tun bakwai da rabi na fita da mai kabad, na bi ta bayan layi don kada malamin lissafi ya hange ni. Takalmina sau-ciki na nema na rasa, sai silifas na sa. Ina isa na tarar da taubashi a kan benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, mai boka a cinyarsa, takalmina a ƙafarsa. Madam ta buɗe taga ta karɓi duka biyun, ta auna su a tafin hannu, ta ce yarinyar za ta fara da wanda ya fi yawan hotuna. Na tambaye ta labarin dosiye. Ta ce in riƙa barin wayata a kunne.