Ranar 15 ga Janairu da abin da ba a koya wa yara

Wani labari ya ce ajiye furanni da sakin fararen tattabaru a Abuja ranar 15 ga Janairu, wato Ranar Tunawa da Sojoji, na ƙarfafa zaman lafiya. Ina shakka, domin bikin na tuna sojoji ne kawai, alhali yawancin waɗanda suka mutu a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 fararen hula ne, musamman yaran da yunwa ta kashe bayan an toshe hanyoyin abinci. Ga masu cewa yaƙin ba makawa ne: shugabannin gwamnatin tarayya da na yankin Gabas sun zauna a Aburi ta Ghana a Janairun 1967, aka cimma yarjejeniya, amma kowane ɓangare ya dawo da fassararsa, wata shida bayan haka aka fara harbi. Darasi a nan shi ne, sulhun da ba a fayyace sharuɗɗansa ba, ba a kuma naɗa mai sa ido ba, rushewa yake yi. Bayan yaƙi Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, aka kafa hidimar ƙasa a 1973, amma fam ashirin kacal da aka ba masu ajiya a bankunan Biyafara (yankin Gabas da ya ɓalle), komai yawan ajiyarsu, da rikicin gidajen da 'yan kabilar Ibo suka bari a Fatakwal sun bar tabo. Kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a 1966 da kisan 'yan kabilar Ibo a Arewa duk sai an koya wa ɗalibai tare. Kwamitin Oputa, wanda gwamnati ta kafa don binciken take haƙƙin ɗan Adam, ya saurari waɗannan koke-koke, ya miƙa rahoto a 2002. Me ya hana gwamnati fitar da shi a hukumance har yau?