Masu shirya gasar ƙwallon unguwa, ku dubi Allah ku canza lokaci

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, wai wanda ya taso cikin ranar Sakkwato ko Maiduguri, me ranar Legas za ta yi masa? Ni dai ban yarda ba, musamman idan ana batun filin ƙwallo.

A gida iska busasshiya ce, kana gumi yana bushewa, bushewar nan kuwa ita ke sanyaya jiki. Nan fa? Ga teku a gefe, iska cike da danshi. Gumi sai tsiyaya yake yi, riga ta manne a gadon baya, zafin kuma yana nan cikin jiki bai fita ba. Sannan kada gajimare ya ruɗe ku. Yana dusashe hasken da ido ke gani, amma yawancin hasken UV mai ƙona fata yana ratsa shi ya sauko. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ya fi ƙarfi, kuma abin takaici a tsakanin nan ne ake sa wa yaranmu wasa, saboda manya sun riga sun kama filin da yamma. Idan filin na ciyawar roba ne, abin ya fi muni. Ka dafa tafin hannunka a kai da azahar ka ji. Har ta cikin takalmi yake cin ƙafa.

Su waɗanda suka san harkar ba haka suke yi ba. Gudun yada ƙanin wani na Legas da aka fara a 2016, kilomita 42, da sassafe ake tashi. Wasannin firimiyar Najeriya galibi sai ƙarfe 4 na yamma. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, alƙalin wasa ya tsayar da karawar Holand da Meziko domin 'yan wasa su sha ruwa su huce. Ƙwararru ke nan masu likitoci a bakin fili. Mu kuwa yaro ɗan shekara 15 ne, da ledar fiya wata biyu, wani ma bai karya ba, ana ce masa ya jure ai shi namiji ne.

'Yan kallo ma sun fi ba ni tausayi. Ɗan wasa ya yi minti 90 ya tafi, shi kuwa mai kallo ya zo tun kafin a fara, ya tsaya har wasa na biyu, kansa ba hula. Gaskiya ne baƙar fata tana da kariyarta, amma ba ta kare ido, kuma yawan hasken nan yana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido. Zabiya kuwa sankarar fata ce ke yi musu barazana kai tsaye. Masu shafa man bilicin, maza da mata, ba da gori nake faɗa ba, fatarku ta yi laushi, rana ta fi saurin yi muku illa.

Man kariya mai lamba SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, amma sai an sake shafawa duk bayan awa biyu, gumi kuma yana wanke shi. Ga tsada. Shi ya sa ni na fi ganin malafarmu ta gado, wadda samari ke jin kunyar sawa wai ta ƙauye ce. Tana rufe fuska da kunnuwa da ƙeya, abin da hana-sallah ba ta yi. A haɗa da riga mai dogon hannu mara nauyi da tabarau, an gama.

Idan ka ga yaro yana jiri, yana tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ba aljanu ba ne. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a kwarara masa ruwa ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Idan ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyi: a mayar da wasa bayan asuba ko bayan la'asar, in azumi ne a bari sai dare. Kuɗin da ake zubawa a kofi da kiɗa ranar wasan ƙarshe, a ɗan tsakura a yi hayar rumfa biyu a sayo buhunan ruwa. Wanda ya san mai shirya gasa a unguwarsu, don Allah ya tura masa wannan.