Abin da Bidiyon Bindigogin Amurka Ba Ya Nuna Mana

A majalisar da nake zama bayan la'asar, wani matashi ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, dubi inda ake rayuwa." Wani ƙato ne mai gemu a wani fili a Amurka, ya jera kankana a kan tebur, ya yi musu ruwan harsasai har suka tarwatse. Bangon da ke bayansa cike yake da bindigogi. Matashin ya ce shi ya sa ɓarawo ba ya dosar gidan Ba'amurke. Wani dattijo a gefe ya girgiza kai ya ce, "Yaro, waɗannan ai mahaukata ne." A ganina bidiyon ya ruɗe su duka biyun.

Mai bidiyon nan sana'a yake yi. Yawan masu kallo ne abincinsa, kuma sau da yawa kamfanonin bindiga da na harsashi ne ke ɗaukar nauyinsa. Ba wanda zai tsaya kallon manomin da ya kulle bindigar farautarsa a akwati sai kaka ta zagayo ya fito da ita. Ƙara da hayaƙi su ke jawo ido, su ne kuma Facebook da TikTok ke turo mana.

Gaskiya ne bindigogi sun yi yawa a ƙasar. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta a 2018 cewa fararen hula na riƙe da kusan miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Amma binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 32 cikin 100 na manya ne kawai suka mallaki bindiga. Biyu cikin uku ba su da ita. Yawan ya taru ne a hannun masu tara su, irin mai bangon nan. Mafi yawan masu ita kuma kariyar kai suke kawowa a matsayin babban dalili, sai farauta da wasan harbi. Malaman makaranta ne, direbobi ne, tsofaffin sojoji ne. Kiran su mahaukata zalunci ne, kamar yadda zai yi mana ciwo a haɗa maharbin ƙauye mai bindigar toka da ɗan bindigar daji a kira su abu ɗaya.

Sai batun cewa kowa na iya shiga kanti ya fito da bindiga mai sarrafa kanta. Tun 1934 doka ta ɗaure mallakar irinta, a 1986 kuma aka hana farar hula mallakar sabbin da aka ƙera. Tsofaffin da suka rage tsada gare su ƙwarai. Bindigar AR-15 da ake yawan gani a bidiyo ba irinta ba ce, harsashi ɗaya take saki duk lokacin da aka danna kunama. Kanti mai lasisi kuma sai ya bincika tarihin mai saye ta tsarin da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998. Akwai ɓaraka babba, domin a jihohi da dama mutum na iya sayar wa ɗan uwansa ba tare da wannan bincike ba, kuma dokar Texas daban take da ta New York.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya shiga bidiyo sam. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka. Fiye da rabinsu, kusan 26,000, kansu suka harbe. Ba a makaranta ba, ba a kasuwa ba, a ɗaki ne, shiru, lokacin da baƙin ciki ya rufe mutum kuma makami na kusa da hannunsa. Duniya ta ji labarin yara 19 da malamai 2 da aka kashe a wata makaranta a garin Uvalde na jihar Texas a 2022, kuma ya cancanci a ji. Waɗancan dubban kuwa iyalansu kaɗai suka san da su.

Na fahimci matashin nan, ban kuma ga laifinsa ba. Wanda aka kore wa shanu, aka sace masa ƙanwa, ya kira jami'an tsaro ba su zo ba, dole ya yi sha'awar ƙasar da kundin tsarin mulkinta ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami tun 1791. Wannan raɗaɗin ne ya sa gwamnatin Zamfara a Yunin 2022 ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga, matakin da shugabannin tsaro na tarayya suka ƙi amincewa da shi.

Muhawarar tana da muhimmanci, kuma ina son a yi ta da gaske. Amma mai kawo Amurka a matsayin hujja ya kawo ta gaba ɗayanta, har da gawarwakin ɗaki. Ya kuma gaya mana wace hukuma ce a nan za ta tantance mai saye, a ƙauyukan da rigimar gona da burtali ke tashi duk damina, da kuma inda magidanci mai 'ya'ya goma a ɗaki biyu zai ajiye bindigar.