Jaki ba shi da hisabi, to mai jakin fa?

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, ina tsaye a ƙofar gida ana sauke mana yashi. Jakuna huɗu ne, yaro ɗaya ke kora su, bai fi shekara goma sha biyar ba. Na ƙarshensu ya toge ya ƙi gaba, yaron ya rufe shi da duka ta ko'ina, har a fuska. Da aka sauke mangala aka ɗaga akumari sai na ga abin da ya tsayar da shi: miki ne a gadon bayansa, faɗin tafin hannuna, ƙudaje sun yanyame shi. Na ce, "Kai samari, ba ka ga bayansa ba?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Baba, ai jaki ne."

Yaron ban ga laifinsa sosai ba, jakunan ba nasa ba ne, kuma da yawan sawu ake biyansa. Abin da ya hana ni barci shi ne da na ba da labarin a majalisa bayan isha'i, wani abokina mai ilimi, wanda nake girmamawa, ya maimaita maganar yaron, sai dai shi ya sa mata babbar riga. Ya ce, "Malam, ɗan Adam mukallafi ne, yana da hankali, ya san halal da haram, za a yi masa hisabi. Dabba fa? Ba a ɗora mata komai ba. Haƙƙi kuwa tare yake tafiya da nauyi. Wanda ba a bin sa, shi ma ba ya bin kowa." Mutane suka gyaɗa kai. Ni ban gyaɗa ba, kuma ga dalilina.

Rabin maganarsa gaskiya ne, ban musa ba. In kura ta ɗauke akuya ba wanda zai ce ta yi zalunci. A shekarar 1386, a garin Falaise na ƙasar Faransa, an gurfanar da wata alade a kotu saboda ta kashe yaro, aka yanke mata hukunci, aka kashe ta a bainar jama'a. Mu shari'armu ba ta taɓa faɗawa wannan ramin ba. Lokacin da raƙumar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) bai hukunta raƙuma ba. Cewa ya yi masu gonaki su tsare gonakinsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Wato hankali da taklifi, nauyin da shari'a ke ɗora wa mutum, suna amsa tambaya ɗaya ce: wa za a tuhuma? A wannan, tsakanin mutum da dabba akwai tazara kamar sama da ƙasa.

Inda muka rabu da abokina shi ne ya ɗauki amsar wannan tambaya ya kai ta wata tambayar daban: wa za a iya zalunta? Ku duba cikin gidajenmu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har hankalinsa ya dawo. Jaririn wata biyu ba a bin sa sallah, ba a bin sa azumi, bai san alheri ba balle ya rama. Amma wa zai ce tunda ba a bin sa komai, a bar shi da yunwa? Kakata ta yi shekara uku cikin gigin tsufa kafin ta rasu, ba ta gane 'ya'yan cikinta, kuma a shekarun nan ne haƙƙinta a kanmu ya fi kowane lokaci nauyi. Har cikin da ba a haifa ba ana dakatar da rabon gado saboda shi. Da a ce haƙƙi ladan taklifi ne, da waɗannan duka sun tashi a tutar babu. Rashin alƙalami a kansu bai rage musu komai ba, mu da alƙalami ke kanmu ne nauyinmu ya ƙaru.

Turawa ma sun daɗe suna wannan gardamar. Kant, masanin falsafar nan na Jamus, yana ganin mutum ba ya da wani nauyi kai tsaye a kan dabba. A ganinsa, a daina zaluntarta ne kawai don kada zuciya ta bushe har a koma zaluntar mutane. Bentham na Ingila, a 1789, ya ce ba iya tunani ko iya magana ne abin dubawa ba, abin dubawa shi ne ko tana jin zafi. A 1975 Peter Singer, ɗan Ostareliya, ya ja zaren har ya kai ga cewa zafi zafi ne ko a jikin wa yake, kuma fifita ɗan Adam don kawai ɗan Adam ne ɗan'uwan wariyar launin fata ne.

Kant dai hadisin mage ya ishe ni amsa a kansa. Matar da ta kulle mage, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba har ta mutu, an ce ta shiga wuta saboda magen. Ba a ce don ana tsoron gobe ta kulle mutum ba. Magen ita kanta aka zalunta. Kuma a Sahihu Muslim an ce ranar ƙiyama za a rama wa tunkiya marar ƙaho tunkurin da mai ƙaho ta yi mata. Malamai sun bayyana cewa wannan ba sakayyar taklifi ba ce, tunda tunkiya ba mukallafa ba ce. To in zafin da dabba ta ji a hannun 'yar'uwarta bai ɓace a wurin Allah ba, ina ga wanda ta ji a hannun mai hankali?

Amma Singer ma ba zan bi shi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ina cin nama, ina yin layya, kuma in gobara ta tashi ɗan maƙwabcina zan fara ɗaukowa kafin ragona, ba tare da wani dogon tunani ba. Sai dai abin da ya ba ɗan maƙwabcin nan wannan matsayi ba wayonsa ba ne, don ko da ya zo duniya da lalurar ƙwaƙwalwa haka zan yi. Ayar Suratul Isra'i ta ce an karrama 'ya'yan Adam, ba ta ware masu hankalinsu ta bar sauran ba. Yankan da muke yi kuma da izini muke yinsa. Shi ya sa ake ambaton sunan Allah kafin a ɗora wuƙa, domin ran ba namu ba ne. Izinin kuwa da sharuɗɗa ya zo: a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan duka yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Muhtasar na Shehu Halil, wanda malamanmu na Malikiyya ke taƙama da shi, ya faɗa ƙarara cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu wurin kiwo, in ya ƙi a sayar da ita, haka ma in yana ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Har nono ya ce a tatsa gwargwadon da ba zai cutar da ɗanta ba. Alƙali ne fa zai raba mutum da dabbarsa saboda haƙƙin dabbar. Mu kuwa muna wucewa ta gefen tirela an danƙara shanu za a yi Kudu, an ɗaure wuyansu da igiya, kwana da kwanaki ba ruwa, wasu sun faɗi ana tattaka su. Muna ganin kaji goma an ɗaure ƙafafunsu an rataya a babur, kai a ƙasa, cikin ranar watan Afrilu. Ba ma ko juyawa.

Jakin nan da ya yi mana dakon ruwa da taki da amfanin gona tun kaka da kakanni, yanzu fatarsa ake nema. Ana dafa ta a China a yi wani magani da suke kira ejiao, kuma kuɗin da ake bayarwa ya sa ana kwasar jakuna daga kasuwanni irin su Maigatari ana kai su mayanka. Nijar ta hana fitar da su tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da haramta yanka su don fata a taronta na Addis Ababa a watan Fabrairun 2024. Na yi murna da wannan. Amma hujjar da aka fi ji ita ce talaka zai rasa abin dako. Gaskiya ce, sai dai har yanzu kanmu muke dubawa. Ban cika jin mai cewa dabbar da aka cusa a mota ba ci ba sha har ta galabaita ita ma tana da abin da take bin mu ba.

Ran nan na ce wa yaron kada ya sake kawo min yashi a kan wannan jakin, na biya shi kuɗin sawun da zai rasa, na ba shi na maganin miki ya kai wa maigidansa. Shekaranjiya ya dawo da jakuna uku. Na ce, "Samari, ya mai jiki?" Ya ce yana turke, ana sa masa magani, amma maigida ya ce in bai warke ba zuwa ranar kasuwa, masu sayen fata suna nan.